Taici, Baduanjin, Yoga ko Tafiyar Natsuwa: Wanne Za Ka Ɗauka Don Rage Damuwa da Samun Kuzari?

Akwai gajiyar da barci ba ya maganinta. Mutum ya kwanta kai cike da lissafi, ya farka wuya a sandare, kafaɗu kamar an ɗora musu buhu, kafin azahar ƙarfinsa ya ƙare. Idan ya koka, kowa cewa yake ya riƙa motsa jiki, alhali wanda ya tashi a gajiye ba ya da zuciyar fita gudu ko ɗaga ƙarfe. Irin wannan mutumin ne motsa jiki na sannu-sannu ya fi yi wa rana. Ana motsi a hankali, ana daidaita shi da numfashi, hankali kuma yana bin gaɓar da ke motsawa maimakon ya koma kasuwa ko ofis.

Guda huɗu ne suka fi sauƙin samu: Taici da Baduanjin daga ƙasar Sin, yoga daga Indiya, sai tafiyar natsuwa. Wanda ya kalli bidiyonsu sama-sama zai ɗauka duk kanwar ja ce. Amma sun sha bamban wajen wahalar koyo, da gaɓar da suke ɗora wa nauyi, da inda suke iya ji wa mutum ciwo.

Gargaɗi ɗaya kafin mu shiga. Gajiyar da ta ɗauki makonni ba ta tafi ba tana buƙatar awo a asibiti. Ƙarancin jini, ciwon suga, hawan jini, zazzaɓin cizon sauro da bai fita duka ba, da ciwon damuwa mai tsanani, duk suna zuwa da kasala. Babu ɗaya cikin huɗun nan da zai maye gurbin magani, kuma kada kowa ya ajiye ƙwayar hawan jininsa don ya fara ɗaya daga cikinsu.

Inda suka haɗu

Baligi a zaune yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya. Na mai damuwa gajere ne, a saman ƙirji yake tsayawa. Idan aka sassauta shi zuwa kusan sau 6 a minti, wato a ja iska cikin daƙiƙa 4 a sake ta cikin daƙiƙa 6, bugun zuciya yana lafawa, domin jijiyar da ke taka wa zuciya birki ta fi aiki a lokacin sakin numfashi. Dukkan huɗun suna kai mutum ga wannan numfashin. Amfanin motsin shi ne yana ba hankali abin riƙewa. Mai damuwa idan aka ce ya zauna shiru, tunani ne zai rufar masa, amma idan yana lura da inda zai sa ƙafa, tunanin ba ya samun ƙofa.

Batun kuzari kuwa, Sinawa suna danganta shi da abin da suke kira "ci", Indiyawa kuma "prana", wato wani ƙarfin rai da suka ce yana zagaya jiki. Ba dole ba ne ka karɓi wannan bayanin kafin ka amfana. Kuzarin da ke ɗorewa yana zuwa ne ta hanyoyin da kowa zai iya gani: barci ya gyaru, tsokar wuya da baya da ke ɗaure kullum ta saki, cinya da ƙugu su yi ƙarfi har tsayuwar shago ko hawa bene ya daina cinye mutum. Ba abin kwana uku ba ne. Yawancin binciken da aka yi a kansu sun auna sakamako ne bayan mako 8 zuwa 12 ko fiye, ana yi aƙalla sau biyu a mako. Kuma idan rage damuwa kaɗai ake magana, tazarar da ke tsakanin huɗun ba ta da yawa. Don haka zaɓin yana rataye ne a kan wasu abubuwan.

Ma'aunan da za mu bi

Na farko kuɗi: kaya, malami, da datar kallon bidiyo. Na biyu sauƙin koyo, musamman ga wanda ba shi da malami a kusa, wanda shi ne halin da yawancinmu muke ciki. Na uku ɗorewa, kuma a ganinmu shi ne uban ma'aunai: bayan wata uku, lokacin da ɗokin farko ya wuce, za ka ci gaba da yi? Na huɗu haɗari ga gwiwa, baya, wuya da ido. Na biyar wuri da sutura, domin wanda ke zaune a ɗaki ɗaya cikin gidan haya, ko matar da ba ta son motsa jiki a gaban mutane, ba kowane iri ne zai yiwu gare su ba. Na ƙarshe aƙida, tunda biyu daga cikinsu sun taso ne kusa da falsafar Sin, ɗaya kuma cikin addinin Hindu.

Baduanjin

Wannan reshe ne na Cigung, tsohon salon Sinawa na haɗa motsi da numfashi. Ma'anar sunan ita ce yanki takwas na shaddar alharini, kuma ya bayyana a rubuce tun zamanin daular Song, sama da shekara 800 da suka wuce. A 2003 hukumar wasanni ta ƙasar Sin ta fitar da daidaitaccen tsarinsa, shi ne wanda ake yawan gani a bidiyo, yana ɗaukar kusan minti 12.

Motsi takwas ne, a tsaye wuri ɗaya. Tura hannu biyu sama. Jan baka hagu da dama. Ɗaga hannu ɗaya sama ana danna ɗaya ƙasa. Waiwaye a hankali. Karkaɗa kai da ƙugu a tsayuwa mai faɗi. Shafo baya da ƙafafu zuwa ƙasa. Naushi a hankali da dunƙulallen hannu. Sai ɗaga dugadugai a sake su ƙasa. Bakwai na farko sau 6 ake yi, na ƙarshe sau 7.

Ga yadda na farkon yake daki-daki. Ka ware ƙafafu daidai faɗin kafaɗa, gwiwa ta ɗan saki, kada ta ƙage. Ka sarƙe yatsun hannu a ƙasan cibiya, tafin hannu na kallon sama. Kana jan numfashi ta hanci kana ɗago su zuwa ƙirji, a nan ka juya tafin ya kalli sama ka tura har hannuwa su miƙe bisa kai, ido yana bin su. Ka dawo da kai daidai, ka ɗan dakata daƙiƙa biyu, sannan ka raba hannuwan su sauko ta gefe kana sakin numfashi, gwiwa tana ɗan lanƙwashewa. Kuskuren da kusan kowa ke yi a makon farko shi ne ɗaga kafaɗu har su taɓa kunne. Hakan yana ƙara ɗaure wuyan da aka zo saki. Hannu ne zai tafi sama, kafaɗa ta zauna a ƙasa. Kuskure na biyu riƙe numfashi don a cimma mai bidiyo. Idan numfashinka bai kai tsawon motsin ba, ka yi numfashi biyu a ciki, babu laifi.

Kuɗinsa kusan babu. Bidiyo ɗaya za ka sauke a waya, shi ke nan. Wuri kuwa, inda za ka miƙa hannu biyu ba ka taɓa bango ba ya isa, kuma ana yin sa da jallabiya, doguwar riga ko wando mai walwala, ba a kwanciya a ƙasa. Mai lura zai haddace takwas ɗin cikin mako biyu. Saboda gajartarsa da rashin shiri, shi ne ya fi saurin zama ɗabi'a.

Haɗarinsa kaɗan ne, amma yana wurare uku. Motsi na biyar yana sunkuyar da kai yana juya shi, don haka mai jiri ko mai hawan jinin da bai daidaita ba ya rage sunkuyon, ko ya tsallake shi. Na shida sunkuyo ne zuwa ƙafa: mai ciwon baya da ke harbawa zuwa ƙafa ya tsaya a gwiwa, kuma ya ɗan lanƙwashe ta. Na takwas, mai raunin ƙashi ya sauke dugadugansa a hankali, kada ya buga su. Akwai kuma wanda ake yi a zaune a kujera, ga wanda tsayuwa ke yi wa wuya. Rauninsa ɗaya: tunda ba a takawa, bai kai Taici horar da ƙafa kan riƙe jiki ba, kuma wasu suna ƙosawa da maimaita abu ɗaya kullum.

Taici

Asalinsa dabarun faɗa ne. Ana danganta shi da ƙauyen iyalin Chen a lardin Henan tun ƙarni na 17, daga baya Yang Luchan ya kai shi Beijing a ƙarni na 19, salonsa mai laushi kuma shi ne ya fi bazuwa a duniya. A 1956 aka tsara gajeren salo mai motsi 24 domin talakawa su iya koya, yana ɗaukar minti 5 zuwa 6. A 2020 hukumar UNESCO ta sa Taici cikin jerin al'adun gado na duniya.

A nan ne hujjojin bincike suka fi ƙarfi, musamman ga manya. A jihar Oregon ta Amurka an gwada mutum 670 masu shekara 70 zuwa sama waɗanda ke cikin haɗarin faɗuwa, aka buga sakamakon a 2018. Bayan mako 24, ana yi sau biyu a mako, waɗanda suka yi Taici sun rage faɗuwa da kashi 58 cikin ɗari idan aka kwatanta da masu miƙe jiki kawai. Wani bincike a Boston, a 2016, kan mutum 204 masu amosanin gwiwa, ya nuna mako 12 na Taici ya rage ciwo daidai da gashin ƙashi na asibiti. A 2019 ƙungiyar likitocin gaɓoɓi ta Amurka ta sa shi cikin abubuwan da take ba da shawara mai ƙarfi a kansu ga masu amosanin gwiwa da ƙugu. A ƙasar Sin kuma, wani gwaji da aka buga a 2024 kan mutum 342 da jininsu ya fara hawa ya nuna bayan shekara guda adadin sama na awon jini ya sauka da kusan maki 7 ga masu Taici, masu atisayen da ke sa haki kuma kusan 4.6.

Sirrinsa yana ƙafa, ba hannu ba, ko da yake hannun ne ke ɗaukar ido. Kowane taku sai ka kwashe nauyinka gaba ɗaya zuwa ƙafa ɗaya, ka ɗaga ɗayar ba nauyi, ka ajiye dunduniya kamar mage, sannan ka zuba nauyin a hankali. A tsayuwar gaba, kusan kashi 70 na nauyi yana ƙafar gaba, 30 a ta baya, tafin baya kuma a karkace kusan digiri 45. Wannan canjin nauyi da ake yi ɗaruruwan lokuta shi ne ke ƙarfafa cinya, ya koya wa jiki kama kansa idan ya yi tuntuɓe.

A nan kuma matsalarsa take. Masu koyo daga bidiyo su kaɗai sukan fara ciwon gwiwa a wata na farko, kuma dalilan uku ne, kullum su ne. Gwiwar gaba ta wuce yatsun ƙafa. Ko ta karkata ciki maimakon ta kalli inda yatsun suka fuskanta. Ko kuma, wanda ya fi muni, a murɗa ƙafa alhali nauyi yana kanta, sai murɗar ta ƙare a gwiwa. Ƙa'idar ita ce a mayar da nauyi baya tukuna, a juya a kan dunduniya, sannan a dawo. Akwai kuma masu kwaikwayon ƙwararrun da ke durƙusawa ƙasa sosai. Sabon shiga ya tsaya kusan a miƙe. Idan ka lura ƙafafunka suna jere a layi ɗaya kamar mai taka igiya, ka buɗe su, a bar tazarar taƙi guda tsakaninsu ta gefe. Mai ciwon gwiwa ya nemi salon Taici da ake kira Sun, domin tsayuwarsa a sama take, takunsa gajere.

Koyonsa yana cin lokaci. Motsi 24 ɗin kan ɗauki wata uku zuwa shida kafin su zauna a kai, kuma a bidiyo mai koyarwa yana juya maka baya yana juyowa, hagu da dama su rikice. A watannin nan mutum haddar jeri yake yi, natsuwar ba ta fara zuwa ba, shi ya sa da yawa suke watsarwa a nan. Dabarar da ke ceton mutane ita ce kada a fara da jerin. A ɗauki abu biyu kawai, takun Taici gaba da baya, da motsin da ake kira hannun gajimare, inda ake takawa gefe hannuwa suna zagayawa a gaban fuska. A yi su minti 10 kullum na wata guda. Wanda ya haye wannan matakin da wuya ya bari, domin Taici ba ya ƙarewa, kullum akwai abin gyarawa.

Yana buƙatar fili mai tsawon taku shida ko bakwai, ƙasa a daidaice, da takalmi marar tudu. Tsakar gida ta wadatar. Kaya ba su da tsada, amma idan akwai inda ya kamata a kashe kuɗi a kan malami, ko da ta bidiyon kai tsaye ne don ya duba gwiwarka, to nan ne.

Yoga mai laushi

Yoga suna ne da ya rufe abubuwa masu nisa da juna. Akwai wadda ake yi minti 90 a ɗaki mai zafin kusan digiri 40, akwai mai tsalle-tsalle, akwai ta tsayuwa a kan kai. Ba su muke nufi ba, kuma wanda ke zaune inda zafin bazara ke kai wannan adadin da kansa ba shi da dalilin neman ƙari. Muna magana ne kan mai laushi, wadda ake riƙe kowane yanayi na numfashi 5 zuwa 8, ana tallafa wa jiki da matashi da bango. B.K.S. Iyengar, malamin da ya koyar a birnin Pune, shi ya yaɗa amfani da irin waɗannan kayan tallafi.

Inda ta yi fice shi ne ciwon baya. A 2017 ƙungiyar likitocin cikin jiki ta Amurka ta sa yoga da Taici cikin abin da za a fara gwadawa kafin magani ga mai daɗaɗɗen ciwon ƙugu. A shekarar kuma wani bincike a Boston kan mutum 320 ya nuna mako 12 na yoga mai laushi bai gaza gashin asibiti ba. Ita ce kuma ta fi dacewa da dare, domin yawancinta a kwance ake yi, jiki yana saukowa zuwa barci.

Tsarin minti 20 da ya ishi mai farawa: ka durƙusa a kan hannu da gwiwa, ka gantsare baya kana jan numfashi, ka yi doro kana saki, sau 8. Ka kwanta rub da ciki ka ɗago ƙirji a kan gwiwar hannu. Ka juya rigingine ka rungumo gwiwoyi zuwa ƙirji. Ka ajiye tafin ƙafa a ƙasa ka ɗaga ƙugu sau 6. Ka kwantar da gwiwoyi gefe ɗaya, sannan ɗayan. Ka miƙe ƙafa ɗaya sama kana riƙe da ita da gyale ko rawani. Ka jingina ƙafafu da bango minti 5. Ka ƙare da kwanciya shiru minti 5, wadda mutane ke yawan tsallakewa alhali a nan ne jiki ke karɓar abin da aka yi masa.

Kuɗinta ya ɗan fi na sauran saboda shimfiɗar roba, mai tsawon kusan santimita 173, faɗi 61, kauri milimita 4 zuwa 6. Darduma a kan tayil tana zamewa, tabarma kuma tana cin gwiwa, katifa ta yi laushi da yawa. Tana son wando, tana son sirri, kuma tana son a bar awa biyu zuwa uku bayan cin abinci mai nauyi.

Haɗarinta ya fi na sauran ukun, ba don ita kanta ba, sai don hotunan da ke sa mutane gasa da jikinsu. Tsayuwa a kan kai ko kafaɗa tana danne wuya. Duk yanayin da kai ya koma ƙasa da zuciya yana ƙara matsin ruwan ido, don haka mai hawan jinin ido ya guje shi. Tilasta ƙafa ta harɗe bisa cinya yana iya ji wa gwiwa rauni. Mai raunin ƙashi ya guji sunkuyo mai zurfi da murɗa baya da ƙarfi. Mai juna biyu ta bar kwanciya rub da ciki, kuma idan ciki ya wuce wata huɗu kada ta daɗe a rigingine. Jan tsoka mai daɗi daban, zafi mai tsini a cikin gaɓa daban. Na biyun alama ce ta a tsaya nan take.

Sai batun aƙida, wanda bai kamata a yi masa kwana-kwana ba. Yoga ta taso cikin addinin Hindu, wasu azuzuwan suna buɗewa da rera kalmomin ibada, akwai kuma jerin da sunansa ma gaisuwar rana. A 2008 Majalisar Fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi yoga saboda waɗannan abubuwan. A 2009 Majalisar Malaman Indonesiya ta haramta wadda ta ƙunshi ibadar Hindu, ta bar wadda motsa jiki ce zalla. Tsarin da muka kawo a sama babu rerawa ko gaisuwa a cikinsa, kuma yawancinsa abin da masu gashin ƙashi ke koyarwa ne a asibiti. Duk da haka wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba, Musulmi ne ko Kirista, ya tambayi malaminsa ko ya ɗauki wani daga cikin ukun, domin ba a neman natsuwa da abin da rai ke ƙyama. Taici da Baduanjin na hukuma babu rerawa ko bauta a cikinsu, sai dai a nisanci ƙungiyoyin Cigung masu da'awar warkar da cuta daga nesa.

Tafiyar natsuwa

Ita ce mafi sauƙi. Tana cikin shirin rage damuwa na mako takwas da Jon Kabat-Zinn ya fara a asibitin Jami'ar Massachusetts a 1979. Ka zaɓi hanya mai taku 10 zuwa 15, ka je ka dawo na minti 10, ido a ƙasa ɗan nesa da ƙafa, hankali a kan ɗagawa, kaiwa gaba da ajiyewa. A waje kuma, ka ja numfashi cikin taku 3 ka saki cikin taku 4 ko 5. Idan tunani ya ɗauke ka, ka dawo kan tafin ƙafa. Waya a aljihu.

Ba kuɗi, ba koyo, ba wanda zai tsaya kallonka, ba batun aƙida. Tafiyar minti 10 zuwa 15 bayan cin abinci tana rage hawan suga a jini. Sai dai sauƙin nata shi ne rauninta: tunda babu tsari, cikin mako biyu takan koma tafiya kawai ana lissafin bashi. Ba ta taɓa kafaɗa da wuya, ba ta kuma ƙara ƙarfin cinya sosai. Mai ciwon suga kada ya yi ta ba takalmi, kuma kada a yi ta a bakin titin da babura ke gilmawa.

| Ma'auni | Baduanjin | Taici | Yoga mai laushi | Tafiyar natsuwa |
|---|---|---|---|---|
| Kuɗi | Kusan babu | Kaɗan, sai na malami | Shimfiɗa, wani lokaci malami | Babu |
| Lokacin koyo | Mako biyu | Wata uku zuwa shida | Mako biyu zuwa huɗu | Rana ɗaya |
| Koyo ba malami | Yana yiwuwa sosai | Da wuya | Yana yiwuwa da taka-tsantsan | Ba ya buƙata |
| Tsawon zama ɗaya | Minti 12 | Minti 10 zuwa 30 | Minti 20 zuwa 30 | Minti 10 zuwa 20 |
| Wuri | Faɗin hannu biyu | Taku shida ko bakwai | Tsawon kwanciya, da sirri | Ko'ina |
| Ɗorewa | Mai kyau | Rauni da farko, ƙarfi daga baya | Matsakaiciya | Tana saurin sakwarkwacewa |
| Inda haɗari yake | Jiri, sunkuyo | Gwiwa | Wuya, ido, baya, gwiwa | Titi, tafin ƙafa |
| Inda ya fi ƙarfi | Wuya, kafaɗa, farkar da jiki | Riƙe jiki, cinya, hawan jini | Ciwon baya, barci | Suga, sauke tunani |

Abu biyu sun shafe su duka. Idan ka ji kanka yana juyawa ko yatsu suna tsikari, numfashi kake ja da ƙarfi fiye da kima, sai iskar carbon dioxide, wadda jiki ke buƙatar ya riƙe kaɗan daga cikinta, ta fita da yawa. Ka koma numfashinka na kullum, zai wuce cikin minti ɗaya ko biyu. Na biyu, Hukumar Lafiya ta Duniya tana son baligi ya samu minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, irin wanda za ka iya magana amma ba za ka iya rera waƙa ba. Yoga mai laushi da tafiyar natsuwa ba su kai nan ba, Taici kuma a bakin iyaka yake. Don haka lafiyar zuciya tana buƙatar a haɗa da tafiya mai sauri.

Wa ya dace da wanne

Mai farawa daga sifiri, ba malami, ba fili, lokaci kuma a ƙure: Baduanjin, bayan sallar asuba kafin rana ta yi zafi. Shi muke ba yawancin mutane shawara, domin gajere ne kuma ba ya buƙatar shiri. Haka tela, direba, mai aikin kwamfuta da ɗan kasuwar da ke wuni a zaune wuya da kafaɗa na ciwo. Su ma za su iya ware motsi na ɗaya, na uku da na huɗu su yi a minti uku tsakiyar aiki.

Wanda ya haura 60, ko ya taɓa faɗuwa, ko yake jin ƙafa tana rawa idan ya taso daga zaune: Taici, a tsayuwa ta sama, kusa da bango ko bayan kujera a makonnin farko, sau biyu zuwa uku a mako. Mai amosanin gwiwa ma nan ne, da sharaɗin wani ya duba masa tsayuwarsa. Mai hawan jini ya ɗauki Taici ko Baduanjin da sunkuyo kaɗan, yana shan maganinsa yana awo.

Mai daɗaɗɗen ciwon ƙugu, da wanda matsalarsa barci ce: yoga mai laushi da dare, awa ɗaya kafin kwanciya. Amma idan ciwon bayan ya zo da mutuwar ƙafa, ko kasa riƙe fitsari, ko zazzaɓi, asibiti za a nufa ba shimfiɗa ba.

Matar da ke son abin da za ta yi a ɗakinta da suturarta ta gida, yara na kai-kawo: Baduanjin. Mai juna biyu: tafiyar natsuwa da motsin hannu na Baduanjin, bayan ta shaida wa ma'aikatan awo. Mai ciwon suga: tafiya bayan kowane abinci ita ce ginshiƙi, sauran ƙari ne.

Wanda damuwa ta yi wa nauyi har haddar wani abu sabo ta zama ƙarin kaya, ya fara da tafiyar minti 10 kawai, idan ta zauna na wata guda ya ɗora Baduanjin a kai. A watan azumi kuma, duk wanda ka zaɓa ka rage shi zuwa rabi, ka mayar da shi bayan asuba ko awa biyu bayan buɗa baki. Lokacin hunturu, mai asma ya shigar da shi cikin ɗaki saboda ƙura, ya kuma fara da minti uku na motsa kafaɗa da gwiwa kafin ya shiga jerin.